Turken Baba a Bakin Kogi

Romi, Kaduna
Litinin, 14 ga Agusta, 2023, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Yaya Dorcas,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, da aikin asibiti. Ina rubuta wannan a kan bencin ƙofar gida. Ruwa ya ɗauke tun azahar, wuta kuwa tun jiya ba su kawo ba. Na gwada layinki bai shiga ba, don haka zan ba direban motar Akwanga wasiƙar a garejin Television, yadda kika ce a riƙa yi tunda ƙauyenku babu sabis. Mama tana lafiya sai ƙafar nan. Tana cin abinci, amma kaɗan.

Na je mashigi ranar Alhamis, karo na farko tun da aka binne Baba. Na gaida Malam Bawa, Sarkin Jirgi, mutumin Yawuri ɗin nan da ya koya wa Baba ɗinka zanen da iska ke tura jirgi da shi. Ya faɗa mini dokar ƙungiyarsu, na sa ya maimaita don kada in kuskure. Idan mai jirgi ya rasu, ana bar masa turkensa da layinsa na ɗaukar fasinja har ƙarshen damina. Ƙarshen damina a wurinsu ba kwanan wata ba ne, dutsen nan ne na tsakiyar kogi da suke kira Bayan Kada. Ranar da ya leƙo daga ruwa, an rufe magana. Kafin ranar, dole ɗan gidan mamacin ya haye da jirgin mamacin ya dawo, a gaban Sarki, da fasinja ɗaya daga gidansu. In ba a yi ba, a cire turken a ba wani wurin.

Kin san daga turken nan aka ciyar da mu, daga shi na yi digiri. Na kai takarduna ofisoshi da dama, ba wanda ya kira, sunana kuma bai fito a bautar ƙasa ba tukuna. Ban ga wata hanya ba. Ban iya tuƙi ba, amma zan koya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne halin da na sami jirgin. A nutse yake a gindin turken, har da duwatsu a cikinsa, gansakuka ta rufe shi. Wata uku ke nan ba wanda ya ko tsamo shi, ga mutanen da Baba ya yi shekara talatin tare da su. Na ɗauki 'yan dako muka jawo shi, muka ɗora a kan bulo a rumfar kwanon nan ta tsohon injin niƙa. Zan busar da shi, in kankare dattin, in yi masa fenti. Lokacin da muke jan sa dukansu suna zaune suna kallo, ba wanda ya tanka.

Ke nake so ki zama fasinjar. Mama ba ta shiga jirgi ba tun ina goye, ba zan ma tambaye ta ba.

Ki huta lafiya. Ƙaninki,
Kefas Zakka

Akwanga
Lahadi, 20 ga Agusta

Kefas,

Na ga wasiƙarka, na gode Allah kuna lafiya. Wato har yanzu kana rubuta ƙarfe nawa a saman takarda kamar mai shigar da ƙara? Allah ya shirye ka.

Kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka, yau kai ne direban jirgi. To, ba zan hana ka ba, don ni ma ban ga wata hanya ba. Zan nemi hutu in zo in zauna maka, amma ka sani in ka kifar da ni, har sama zan bi ka da ƙara wurin Baba.

Ka kai wa Malam Bawa goro? Na tuna Baba ba ya zuwa masa da magana hannu sake. Ka kai.

Ka tabbata Mama tana shan maganin ƙafar bayan abinci, ba kafin ba. Kai ma ka ci abinci, na san ka.

Yayarka,
Dorcas

Romi
Asabar, 9 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Yaya Dorcas,

Gaisuwa mai yawa. Mama tana shan maganin bayan abinci, ni nake miƙa mata.

Na gaji, Yaya. Tafin hannuna ya yi kanta, ta fashe, ta sake fitowa. Wanda yake koya mini shi ne Sam, ɗan Binuwai ɗin nan mai dariya da ƙarfi da ya ɗauki akwatin Baba ta gaba. A jirginsa muke fita da sassafe kafin fasinja su taru. Bai taɓa kirana Kefas ba, sai Digiri.

Filafili na iya shi daidai gwargwado. Zanen ne matsala, kuma ba yadda zan yi in guje masa. Jirgin Baba ya fi na kowa nauyi. In ka haye, ruwa yana janye ka ƙasa da nisa, kuma hannun mutum ɗaya ba ya iya dawo da shi mashigi. Sai ka ɗaga zanen nan na buhunan shinkafa a jikin gora, iskar damina da ke busowa daga kudu ta turo ka sama. Na same shi a naɗe a ƙarƙashin gadon Baba, ɗinkinsa bai ko motsa ba.

Ranar farko na tambayi Sam ko kamu nawa zan ja igiyar, ya ce, “Digiri, iska ba ta zuwa da takarda. Ka ji ta a kunnenka.” Na ce wane kunnen. Ya ce, “Wanda ya fi sanyi mana!” Ina cikin tantance kunnen zanen ya juyo ya make ni a fuska, na zauna cikin ruwan da ke ƙasan jirgi. Mata masu wanki a bakin gaɓa har da guɗa. Wata ta ɗaga murya ta ce, “Ɗan Zakka, babanka a tsaye yake yi!” Sam ya ce, “Ki bar shi, Mama, zaman ofis yake koya.”

Amma ranar Laraba wani abu ya faru. Na daina lissafi don gajiya kawai, na sassauta igiyar, sai zanen ya cika, jirgin ya fara hawa da kansa, ruwa yana ƙara a gefen katako. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, ni da nake duba agogo kullum. Daga baya Sam ya ce haka Baba yake riƙe igiya, da yatsa biyu.

Suna da kirki ta wata fuskar. Da rana kowa yana kawo abin da ya zo da shi a ci a inuwar mangwaro, na Tudun Wada da na Romi a tire ɗaya. In lokacin salla ya yi, Sam da su Bitrus suke riƙe layi, ran Lahadi kuma su Nasiru. Abu ɗaya ne ban gane ba. Da na ambaci jirgin Baba sai hira ta mutu. Na gaya wa Sam na kankare duk baƙin kwalta da tsummokaran da suka cushe tsakanin katakai, na yi fenti shuɗi shafi biyu. Ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, “Ka ga Sarki kuwa?” Na ce ina ganinsa kullum.

Goron ban kai ba tukuna. Na fi so in gama gyaran, in kai goro da jirgin a rana ɗaya, su ga ba a yasar da kayan Zakka ba.

Ruwa yana nan a cike, babu alamar dutsen. Ki sanar da ni ranar hutunki.

Ƙaninki,
Kefas

Romi
Lahadi, 1 ga Oktoba, bayan an taso daga coci

Yaya,

Ki yi haƙuri, gaisuwar a taƙaice. Na sami saƙonki cewa an hana ki hutu don ke kaɗai ce nas a wurin. Ban ga laifinki ba. Yanzu ma ko kin zo babu abin da za ki shiga.

Jiya da safe muka saukar da jirgin. Ya yi kyau, har masu wanki suka tsaya kallo. Na shiga ni kaɗai, na tura da gora. Ban yi nisan da ya wuce tsawon jirgi biyu ba na ga ruwa yana tsattsafowa ta kowane layin katako, daga gaba har baya, kamar ana tace koko. Na fara kwarfa da hannu. Kafin in juyo ya kai gwiwata. Jirgin ya zauna a ƙasa a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ni kuma ina tsaye a cikinsa riƙe da gora, goron yana aljihuna ya jiƙe.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Sam ne ya shigo ruwan ya kamo ni. Na ce masa, “Ka sani?” Ya ce ya sani. Na ce, “Tun yaushe?” Ya ce, “Tun ranar da ka ɗora shi a bulo.” Katakon jirgi sai yana shan ruwa yake kumbura ya matse. Duwatsun da na tarar a ciki, 'yan ƙungiyar ne suka sa su, don ya jira ni lafiya. Kwalta da tsumman da na kankare kuwa su ne toshiyar. Mako bakwai na yi ina gasa shi a ƙarƙashin kwano. Na ce, “Kullum muna cin abinci a tire ɗaya, Sam.” Ya ce, “Ba ni da baki a kai, Digiri. Wallahi ba ni da baki.” Ya tafi yana share fuska.

Ban gane ba, kuma na gaji da ƙoƙarin ganewa. Ruwa ya fara ja baya. Na sa alama a jikin turken Baba, ya sauka da kamu ɗaya cikin mako guda. Iskar ma ta fara rauni. Da na gaya wa Mama, abin da ta tambaya kawai shi ne ko zanen ya jiƙe. Na ce a'a, a gaɓa na bar shi.

Kefas

Mashigin jirage, Kaduna
Alhamis, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Malama Dorcas, 'yar marigayi Zakka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da sake yi muku ta'aziyyar mahaifinku, abokin zamanmu. Ni ne Bawa, Sarkin Jirgi. 'Yata Hadiza ce take rubutawa, ni ina faɗa.

Takardarki ta iso, an karanta mini ita duka, har wurin da kika ce mun zuba ido yaro ya kashe jirgin ubansa don muna kwaɗayin turken. Maganar ta yi zafi, amma ban ji haushi ba, domin kusa da gaskiya kika bi, sai dai kin juya ta.

Tun kafin in zama Sarki, a mashigin nan ba a sa baki a kan jirgin mamaci. Ba a cewa gyara nan, ba a cewa bar can, sai 'yan gida sun kawo goro a gaban jama'a sun ce a duba mana. Dalili kuwa, an taɓa yin wanda ya ba magada shawara, jirgi ya lalace, wurin ya koma hannun ɗan'uwansa, aka yi shekaru ana gaba. Daga nan aka ce duk wanda ya yi magana kafin goro, shi ke neman wurin. Nutsar da jirgin kaɗai aka yarda a yi, shi ma da hannun kowa, don kada a ce wane ne.

Ranar da ɗan'uwanki yake jan jirgin, ina zaune ina cizon leɓe. Na aika Sam ya yi masa hannunka mai sanda. Yaron yana da ladabi, kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni, amma bai tambaya ba, mu kuma ba mu faɗa ba. Mun tsare doka, jirgi ya tsage. Wannan nauyin namu ne, ban ɗora masa ba.

Goron da ya jiƙe a aljihunsa na karɓa a haka, aka raba. Washegari mutum goma sha ɗaya suka zauna a kan jirgin da tsumma da kwalta, har Nasiru, wanda ƙaninsa ne ke jiran wurin. Mun mai da shi ruwa da duwatsu. Irin bushewar da ya yi tana son wata guda, dutse kuwa ba zai ba mu wata guda ba. Ranar kuma ba ni da ikon ɗaga ta, ko da ɗana ne.

Saura fasinja. Wannan daga gidanku zai fito.

Allah ya ba da haƙuri, ya sa mu gama lafiya. Wassalam.
Bawa, Sarkin Jirgi

Romi
Asabar, 21 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Yaya Dorcas,

Gaisuwa. Zan faɗa miki yadda aka yi bi da bi.

Jiya da yamma ruwa ya fara murɗawa a kan dutsen, alamar saura kaɗan ya leƙo. Sarki ya ce gobe ko babu, wato yau ke nan. Na kwana da niyyar in je in gaya masa ba ni da fasinja. Da gari ya waye na fito na tarar da Mama a tsakar gida da zanen zumuntar matan coci, ta ɗaura kallabi, tana riƙe da robar wanke shinkafa. Na ce, “Mama, ina za ki?” Ta ce, “Wa ya ce maka gidan Zakka ba mutane?” Na ce jirgin yana yoyo. Ta ɗaga robar ta ce, “Wannan ta ado ce?”

Mun tsamo jirgin, an kwashe duwatsun. Yoyon ya ragu sosai, amma bai tsaya ba, musamman ta baya. Sam ya ɗauki Mama cak ya zaunar da ita a tsakiya, ta ce, “Sauke ni, ɗan banza, ni buhun masara ce?” Ya ce, “Buhun masara ba ya zagi, Mama.” Ta kama gefen jirgi da hannu ɗaya har jijiyoyinta suka fito, ɗayan kuma ya fara kwarfa tun kafin in tura.

Hayewa ba ta yi wuya ba. Na wuce ta saman dutsen da tazara yadda aka koya mini, ruwa ya janye mu ƙasa, muka taɓa gaɓar Tudun Wada wajen masu yashi. Na kafa gorar, na ɗaga zanen. Babu iska. Ya rataye kamar shanya. Ruwa a cikin jirgi ya rufe idon sawu, Mama tana kwarfa tana haki. Na ce mu sauka a nan, in sa ta a Keke ta bi ta gada, turke ba zai zama ajalinta ba. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, “Babanka yakan jira. Zauna.”

Na zauna. Ban duba agogo ba. Can sai na ji kunnena na hagu ya yi sanyi. Iskar ba ta da ƙarfi, amma zanen ya ɗan kumbura, na riƙe igiyar da yatsa biyu muka fara hawa a hankali, a karkace, muna yanka ruwan. Jirgin ya yi nauyi, yana amsa filafili a makare. A tsakiya hannun Mama ya gaza, ta koma kwarfa da hannu biyu, wato ta saki gefen da take riƙe da shi. Ina jin su Sam daga gaɓa suna ihu, “Sassauta! Digiri, sassauta!” wasu kuma suna cewa in ja. Ban bi ko ɗaya ba, don ban iya rarrabe muryoyin ba.

Saura kamar tsawon jirgi ɗaya da rabi mu kai turken, bayan jirgin ya cika ya zauna a yashi. Na dira, ruwa iya ƙirji, na ɗauki igiyar a kafaɗa na ja. Ba wanda ya taɓa, don ba a taɓawa. Na ja har na ɗaure a turken Baba. Mama tana zaune cikin ruwa har cinya, robar a hannunta, ta ce wa Sarki, “Malam, ina kwana.”

Sai gardama ta tashi. Nasiru ya ce shi ba ya ƙin marayu, da hannunsa ya toshe jirgin nan, amma ƙafa ce ta iso, ba jirgi ba, ƙaninsa kuma shekara biyu yana jira da iyali. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Sam ya ce igiya a turke take ko ba a turke take ba? Sarki ya saurari kowa, ya dubi kogin. Bayan Kada ya fito, baƙi, yana sheƙi. Ya ce a je a huta, ran Litinin za a ji a wurin kiran layi.

Mama tana barci, na shafa mata magani a ƙafa. Ni ko abinci na kasa ci.

Ƙaninki,
Kefas

Romi
Litinin, 23 ga Oktoba, ƙarfe bakwai saura na safe

Yaya,

Direba yana jira, a tsaye nake rubutawa a gareji.

An kira layi da asuba. Bayan jirgin Sam, Sarki ya ce, “Jirgin Zakka,” kowa ya juyo ya dube ni. Na amsa. Turken yana nan. Nasiru ya miƙo mini hannu.

Wannan na sani. Ga waɗanda ban sani ba:

Ban sani ba ko bayan jirgin zai gama matsewa, ko sai an canza katako.

Ban san yadda ake dawowa mashigi da rani ba, idan iska ta juya. Sam ya ce da gora, ya yi dariya, bai ƙara bayani ba.

Ban san abin da zan yi ba ranar da sunana ya fito a bautar ƙasa.

Ban san yadda zan haɗa ido da ƙanin Nasiru ba.

Ban sani ba ko ina son aikin nan, ko gajiya ce ta hana ni ƙin sa.

Kuma ban san wanda zai gaya wa Mama cewa sau ɗaya ake bukatar fasinjan gida ba. Na baro ta a bakin kogi, a zaune a gindin turken, da robarta a cinya.

Ki gaida mutanen asibiti. Ubangiji ya tsare.

Ƙaninki,
Kefas Zakka